Tsinke Goma Sha Huɗu na Goggo Sannu

Kafin likitoci su iso, ta riga ta buɗe ɗakin wankin ciwo, ta jera almakashi da auduga, ta tsoma kwalbar ruwan gishiri cikin ruwan ɗumi don kada sanyi ya firgita mai ciwo. Shekara talatin da ɗaya kenan. Goggo Sannu muke ce mata, don ba ta taɓa mutum sai ta ce masa sannu sau uku.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma yau dole in rubuta: na ɗauki 'yata da hannuna biyu!

Shekara shida ina fama da maruru a hammata, wannan ya fashe, wancan ya fito. Ko a mota matsawa ake yi saboda wari. Wata biyu da haihuwata aka yi mini aiki, aka yanke wurin, aka bar shi buɗe ba ɗinki, aka hana ni ɗaukar nauyi. Yarinya na kuka, ƙanwata ke ɗauka. Har ta kai in an ɗora mini ita a cinya, ƙanwata take bi da ido.

Don in warke da sauri, sai na riƙa zare audugar da ake cusawa ciki, ina matse hannu, wai bakin ya haɗe. Ya haɗe kuwa, ciki na tara mugunya. Goggo ta duba, ko hanci ba ta yatsine ba.

"'Yar nan, yaushe aka ɗauke ki aiki ban sani ba? Irin wannan daga ƙasa yake cikowa."

Aka sake buɗewa. Na yi kuka, ta jira na gama.

Daga nan duk mako sai ta auna zurfin da tsinken auduga, ta karya wani daidai tsawon, ta miƙo mini. "Je ki jera a gida." Goma sha huɗu na jera, kowanne bai kai na baya ba.

Ashe idanunta tafiya suke. Mai shara ce ta tsegunta mini: tuni aka ce Goggo ta je ta huta, ta roƙa a bar ta ta ga ƙarshen ciwona.

Yau ta kai fuska dab da wurin, ta shafa a hankali. "Ba wajen sa tsinke. Ɗauki 'yarki."

Na ɗauka. Ta ɗan yi ƙorafi, sai ta kwantar da kai a kafaɗata.

"Kawo ta bakin taga," in ji Goggo, "in ga ko ta kwaso munin uwarta."

Na kai ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsu tana laluben 'yar fuskar.

Goggo, ke ce kika ƙarar da sauran ganinki a ramin da ni kaina ba na iya kallo. Allah ya saka miki. Ku da za ku gaji ɗakin nan daga gobe, don Allah ku riƙa ɗumama ruwan.