Baba Sikeli, Mai Zama Kafin Ya Sa Hannu

Kullum da safe, masu shara ba su gama ba, Baba Sikeli zai jingine tsohon babur ɗinsa a bangon sito, ya share gumi, ya wangale ƙofa. Shi ne jami'in da ke karɓar duk kayan da ƙaramar hukumarmu ta saya, tun daga alli har gadon asibiti. Ba a biyan ɗan kwangila sai Baba ya sa hannu, shi kuma ba ya sa hannu sai ya gwada kaya da jikinsa.

Allah ya yi masa jiki, daga nan sunan ya samo asali. In aka sauke bencin makaranta, sai ya tattare riga ya zauna a tsakiya, ya ɗan jijjiga. "In ya ɗauke ni, zai ɗauki 'ya'yan mutane," in ji shi.

Ungozomar asibitinmu ta ce ta taɓa samun sa miƙe a kan sabon gadon haihuwa, ma'aikata na ta dariya. Ta ce, "Baba, wata nawa ne?" Ya ce, "Ya kusa, 'yata. Amma dubi ƙafar gadon nan, rawa take yi." Gadon bai kwana a asibitin ba.

Direban sito kuwa ya ga ranar da aka je karɓar rijiyar burtsatse, ruwa ya fito jawur. Baba ya cika kofi ya miƙa wa ɗan kwangila. "Bismillah, Alhaji, kai ne babban baƙo." Alhaji ya ce azumi yake yi. Baba ya ce, "Ba komai, za mu jira ka."

Amma gwaji mafi nauyi daga gida ya zo masa. Ƙanensa kafinta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ci kwangilar bencunan wata makaranta a gaban kwamitin ba da kwangila. Ranar kawo kaya, Baba ya kira shugaban makaranta ya tsaya shaida, sannan ya zauna kamar kullum. Ɓaras! Benci ya karye. Ɗanyen katako ne aka shafe da fenti.

"Yaya, ni za ka kunyata a gaban jama'a?"

"Ba ni ba ne, ƙanena, katakon ne. 'Yar autarka ma a makarantar take. Kwashe ka sake."

Ya kwashe ya sake, ya tafka asara, ya ɗauke ƙafa daga gidan yayansa. Mahaifiyarsu ta ce, "Kai da ɗan'uwanka, ba za ka rufe ido ba?" Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, ido na iya rufewa. Nauyina ne ba na iya ragewa." Shekaru suka shuɗe, kullum Baba zai rage gudun babur a ƙofar shagon ƙanen ya yi sallama, sai dai ƙarar zarto ta amsa masa.

Baba, kai ne ka biya da zumuncinka domin yaran da ba su san sunanka ba. Mu kuwa fa? Mu ne masu ɗaga kafaɗa mu ce, "Ai haka aka saba." Mun saba da rufin aji mai yoyo, mun saba da magani da ya lalace, har mun mai da sabo uzuri. Wallahi abin kunya ne a ce mutum ɗaya ne ya ƙi sabawa!

A makon jiya aka yi masa walimar ritaya a harabar sito. Ana cikin jawabi sai ga ƙanen nan, furfura ta fito masa, ɗauke da kujera a ka. Ya dire ta gaban Baba.

"Yaya, zauna mu gani."

Baba ya tattare riga ya zauna, ya jijjiga. Ko ƙis kujerar ba ta yi ba. Ya dubi ƙanen ya ce, "Kawo takarda in sa hannu."

Ƙanen ya ce, "Ka yi ritaya, Yaya. Wannan ta gida ce."

Mun gode, Baba. Allah ya hutar da kai a kan kujerar nan, ya ƙara lafiya. Ku kuma da kuka gaji makullin sito, ƙanana ne ku ko manya, don Allah ku zauna tukuna kafin ku sa hannu.