Gudumar da Gobara Ya Jefa

Ƙanena kafinta ne, kuma masifaffe ne. Bai taɓa ɓoyewa ba. Masu shagunan layinsu suna kiransa Gobara, yana amsawa.

Abin yakan zo masa farat ɗaya. Yana cikin goge katako sai gumi ya karyo masa, kai ya sara, ƙirji ya hau bugu. Duk wanda ke kusa ya shiga uku. Bayan minti ashirin ya zube a benci kamar tsumman da aka matse. Mu kuwa mun saba: a ajiye masa kofin ruwa, a ja ƙofa.

Sau huɗu ina kai shi awon jini, sau huɗu ana cewa lafiya lau. Ban taɓa kai shi abin yana kansa ba. Wa zai iya? Sai ya huce nake lallaɓa shi.

Na ce, "Ka ji ko? Ba ciwo ba ne, hali ne."

Ya ce, "To Yaya, ki kai halin asibiti."

'Yarsa ɗaya ce. Ranar da ta kawo masa jaririnta shago, abin ya tashi, ya yi jifa da guduma. Bango gudumar ta samu. 'Yar ta goya ɗanta ta fita, shekara shida ba ta sake takowa ba.

Bara ta zo gari, ta sauka a gidana, ba ta neme shi ba. Ni na gaya masa, da bakin nan nawa. Ya dafe ƙirji ya faɗi cikin garin katako.

Likita ta ce hanyoyin jinin zuciyarsa ba su toshe ba, tsokar zuciyar ce ta saki. Da aka ɗauki hoton cikinsa aka ga ƙari kamar ƙwan kaza a saman ƙoda, yana zuba sinadarin firgici cikin jini. Ta ce ya daɗe a wurin. Ta tambaya ko ba mu taɓa lura da komai ba.

An cire ƙarin. Gobara ya daina faɗa, katako ma sai an ɗaga masa.

Na ce zan kira 'yar in gaya mata ciwo ne.

Ya ce, "Kada ki fara da ƙarin, Yaya. Hannuna ne ya jefa gudumar. Ki ce ina ba ta haƙuri. Kujerar da na yi wa yaron ta yi masa kaɗan yanzu. Ko ba za ta zo ba, ta aiko min da tsayinsa."