Zanen da Ummaru Magini Ya Yi da Ƙafa

Shekara tara ke nan, a lissafin wata, da rasuwar aminina Ummaru Magini na Jega. Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami, in sake ajiyewa. Bana na ce ko da daɗi ko ba daɗi sai na rubuta, domin mu da muka san shi raguwa muke yi.

Makarantar allo ɗaya muka yi da shi. Ni na zarce da karatu, shi kuwa mahaifinsa ya ja shi wurin gini, sana'ar gidansu tun kakanni. Har muka yi furfura bai daina kirana Malam Tawada ba, ni kuma ina ce masa Sarkin Laka. Daga Jega zuwa Aliero, har Maiyama da ƙauyukansu, idan ka shiga tsohon zaure ka ji sanyi ya ratsa ka alhali rana na dukan waje, to ka tambaya. Ko hannunsa ne, ko na mahaifinsa.

Ummaru bai taɓa zana gini a takarda ba. Idan an kira shi aiki, sai ya je filin ya yi ta zagaye kamar wanda ya yar da allura. Ya duba inda ruwa ke bi da damina, ya tsaya ya ji ta inda iska ke zuwa, ya ɗebi ƙasa ya murza. Sannan ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya ja layi da ƙafarsa. Nan zaure, nan ɗaki, nan ƙofa, kowanne daidai girman da zai kasance. Mai gida ya shiga cikin zanen ya zagaya, in ya ce ɗakin ya yi masa kaɗan, a share da ƙafa a ƙara. A kan layin nan ake aza tubalin farko.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne rufi. Yakan ɗaure guntayen azara, wato katakon giginya, ya lanƙwasa su daga bango zuwa bango su zama bakan gizo, ya haɗa bakan gizo da bakan gizo su riƙe rufin ƙasa ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan shi ne ɗaurin guga, kuma shi ne ƙarshen karatun magini. Ba a koyar da shi da baki, sai a kan aiki, mai koyo na sama yana ɗaurewa, malaminsa na ƙasa yana kallo.

Lokacin da aka ba mu jiharmu ta Kebbi, aikin irin su Ummaru ya riga ya ja baya. Duk wanda albasarsa ta yi kuɗi bulo yake so da kwano. Maginan da suka rage a hannunsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma wanda ya fi ɗora wa rai a cikinsu shi ne Bello, mutumin Maiyama, magidanci mai 'ya'ya uku. Bello ya iya tubali, ya iya yaɓe, ɗaurin guga kaɗai ya rage masa, ga shi an daɗe ba wanda ya ba da aikin da za a koya masa a kai. A gabana ya zo yana neman sallama, wai an yi masa hanyar aikin bulo a Birnin Kebbi.

"Baba, ɗiyana ba su cin bakan gizo," in ji shi.

Ummaru ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

A makon nan ne takarda ta iso ta hannun hakimi. Sabuwar jiha na buƙatar gine-gine, an kira taron masu zanen gini da injiniyoyi a Birnin Kebbi, an kuma ce maginan gargajiya su zo da nasu tsarin. Wanda aka zaɓa za a gina shi, a sa sunan mai shi cikin waɗanda za a riƙa ba aikin hukuma. Ban taɓa ganin Ummaru cikin zumuɗi irin na ranar ba. Dama yana da wani gini a ransa shekara da shekaru: babbar ma'ajiyar albasa ta ƙasa, mai kaurin bango da rufin ɗaurin guga, da kafofin iska sama da ƙasa, don manoman Aliero su daina kallon albasarsu na ruɓewa cikin zafi kafin ta yi daraja. Ya aika aka kira Bello.

"Ka yi man haƙuri har a yi taron ga," ya ce masa. "In an ba mu aikin, bisa shi zan koya maka ɗauri. In ba a ba mu ba, na sallame ka, kai da sauran. Ba ni riƙon kowa."

Bello ya amince.

Abu ɗaya ya dame shi. Takardar ta ce a zo da zane, ba ta faɗi inda za a yi ginin ba. "Malam Tawada, wane irin gini na wanga babu hili? Su gwada man ƙasa in gani mana. Ni ban iya gini bisa iska ba." Na ce ya kwantar da hankalinsa, takarda ai aikina ce. Kwana uku muna zaune a zaurensa bayan la'asar, yana faɗa ina rubutawa da ajami: tsawo taki kaza, faɗi taki kaza, kaurin bango kamu kaza, bakan gizo nawa, azara nawa. Na yi masa rubutu mai kyau, har da jan tawada a kan kowane babi.

A nan ne laifina yake, kuma ban taɓa faɗinsa a fili ba sai yau. Ƙanen matata malamin firamare ne. Ya ga takardar ya ce, "Malam, kawo in juya maka ita da boko, in ja layuka da rula. Mutanen can ba lalle su iya karanta wagga ba." Na ji haushi. Na ce masa da wannan rubutun aka yi mulkin ƙasar nan tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera rula. Na naɗe takardata na sa a aljihu. Wannan da kuke karantawa ma da ajami na rubuta shi, ƙanen matar tawa na ba ya juya. Na koyi darasin bayan ya daina amfani.

Mu uku muka je, ni da Ummaru da Bello. Zauren taron ya cika da mutane masu manyan takardu a naɗe, wasu har da ƙananan gidaje na kwali. A bakin ƙofa akwai tebur inda ake karɓar zane. Na miƙa tawa da hannu biyu. Ma'aikacin ya buɗe, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Allah gafarta Malam, addu'a ce ka kawo muna? Mun gode. To ina zanen?"

Na fara karanta masa, na bayanmu suna gunaguni. Ba da wulaƙanci ya yi ba, bawan Allah. Ya ce shi lamba aka ce ya ba kowane zane, wannan kuwa bai san me zai kira shi ba. Ya ɗora takardar a gefe, ya danne ta da kofin shayinsa.

Ummaru ya juya ya fita, muka bi shi. Gaban zauren akwai fili mai yashi, motoci na jere a gefensa. Ya tsaya ya ji iska, ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya fara ja. Ba a taɓa gaya masa ana ƙanƙanta gini a zane ba, don haka ya zana ma'ajiyar nan da cikakken girmanta, daga wannan gefen filin zuwa wancan. Bello na binsa yana aza dutse a duk inda ƙafar bakan gizo za ta tsaya. Direbobin da ke zaune a inuwa suka yi ta tsokana.

"Tsoho, gona za ka yi muna nan?"

"I, ta albasa," ya ce, bai ko ɗaga kai ba. "In ta nuna kai ka ɗauka, tun da zama ɗai ka iya."

Da azahar wani matashi cikin masu zanen gini ya fito alwala. Ya tsaya da buta a hannu yana kallo. Sai ya zagaya har inda aka bar gurbin ƙofa, ya shiga ta nan, bai tsallake layi ba. Ummaru ya taɓa ni ya ce, "Yaron ga na da ladabi. Ta ƙohwa ya shiga." Matashin ya yi ta tambaya: me ya sa kafofin gabas suka fi na yamma ƙanƙanta, me zai riƙe rufi mai wannan faɗi. Ummaru na amsawa da hannu da ƙafa, fuskarsa ta yi haske. Matashin ya ce mu jira, zai fito da manyansa su gani.

Muka jira har la'asar. Da manyan suka fito, tashi aka yi gaba ɗaya, babban baƙo na sauri. Aka kira motoci. Ta tsakiyar zanen suka juya, ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye. Bello ya ruga zai tare ta farko, Ummaru ya riƙe masa riga. Matashin ya zo yana ba da haƙuri, ya ce an rufe karɓa, amma zai zo Jega da kansa ya auna, ya mayar da shi takarda, ko don wani karon. Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Bai zo ba. Daga baya muka ji ya koma Abuja, inda aikin gine-gine yake a lokacin.

Ummaru ya jira shi har damina ta wuce. Sannan ya tara maginansa a zaure, ya yi musu addu'a, ya sallame su kamar yadda ya yi alkawari. Bello ya tafi aikin bulo. Ba wanda ya ga laifinsa.

Wani lokaci nakan tambayi kaina abin da Ummaru zai ce da ya ga yau. Har yanzu ana kiran irin wannan taro, ina ji a rediyo. An ce har hotunan tsofaffin zaurukanmu ake liƙawa a bango, a yi jawabi a kan hikimar magabata, a tafa. Ban ji an ce an nemi magini ko ɗaya ya zo ba, kuma ko an nema ban san wa za a samu ba. Jega ta cika da kwano, da rana mutum ba ya iya zama ɗakinsa. Albasa kuwa tana nan tana ruɓewa kamar da. Wanda ya bi ta Aliero cikin bazara hancinsa zai gaya masa. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai taɓa bangon bulo da tafin hannu, ya ji zafinsa, ya dube ni.

Shekara biyu ya yi bayan taron. A cikinsu wani manomi a Jiga Makera, Alhaji Nomau, ya ji labarin ma'ajiyar ya ce a gina masa ƙarama. Ummaru ya aika wa Bello ya zo a yi ɗaurin tare. Bello na tsakiyar aikin wani ɗan kwangila, ya ce sai ya gama. Da ya iso an riga an rufe. Da lebura Ummaru ya yi ta, shi ne sama shi ne ƙasa, da tsufansa. Alhaji Nomau ya sha gaya mini albasarsa takan kai lokacin da ta maƙwabtansa ta zama taki.

Daminar da ta wuce rufin ya tsage. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, kuma an yi sakaci. Alhaji Nomau ya zo har gida yana tambayata wa zai gyara. Ba ni da sunan da zan ba shi sai na Bello, muka nemo shi. Ya shiga, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya fito yana share ido da hular kansa.

"Malam, na ga ana yi, ban taɓa ɗaurewa ba. In na taɓa shi, bisa kaina za ya hwaɗo."

Alhaji Nomau ya juyo gare ni, kamar ni ne magajin ginin. "To Malam, ka yarje man in sa kwano?" Na ce ya sa. Me zan ce?

Idan na auna abin da ya rage na Ummaru, ba shi da yawa. Zaurukansa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ko a rushe su don a faɗaɗa shago. Ilimin da gidansu ya riƙe tun kakanni ya tsaya a kansa, kuma ina cikin waɗanda suka tsayar da shi. Ina roƙon Allah gafara a kan haka, Ummaru dai bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da na iya shaida a kai shi ne bai taɓa ha'inci a aiki ba. Ranar da aka sauke rufin Jiga Makera ina wurin. Azarar da ya zaɓa da hannunsa ta fito lafiya lau, ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Aka tara ta gefe, aka rasa mai buƙata, don ba wanda zai sake ɗaure ta. Limamin garin ya duba tsawonta ya ce a kai maƙabarta, ta yi daidai da rufin kabari. Aka loda a amalanke aka kai.

Allah Ya sa ladan ya riƙa isa gare shi, Ya yafe masa, Ya yafe mana.