Layin Nguru a Kan Tsohon Ƙyaure

Jirgin ya shigo gidanmu ne cikin kayan gwanjo. Maigidana yana sayar da kayan wasan yara na hannu a kasuwar Haɗeja, wata rana ya buɗe dila ya tarar da kwali ɗauke da kan jirgin ƙasa ɗan ƙarami, da taragai, da gutsattsarin layin dogo masu sheƙi. Babu wanda ya taya, don ba ya motsi. Ya kawo gida ya ajiye a saman kwaba.

Ni kuwa tun a sakandare darasin lantarki ne kaɗai ba na gyangyaɗi a cikinsa. Ranar da na rasa aikin yi na sauko da kwalin, na juya kan jirgin, na gane ta ƙafafunsa yake shan wuta daga layin. Na jawo waya biyu daga batirin solar da muke kunna fanka da shi, ja a ƙarfe ɗaya, baƙa a ɗayan. Ya yi ɗan kuka, ya zabura. Sai da na yi salati da ƙarfi.

Daga nan abin ya kama ni. Na sa aka ɗora tsohon ƙyauren ɗakin girki a kan bulo a rumfa, na shimfiɗa layin a kai, zagaye, yadda hoton kwalin ya nuna. Na tankaɗe yashin kogi da rariya, na ɗebi tsakuwar na liƙa a gefen layi da ruwan ƙaro. Gonakin shinkafa na yi su da koren zaren buhu, tasha da kwalin sukari, buhunan gyaɗa da ƙyallen atamfa cike da gero. Kaji sun sha yi mini ɓarna kafin in koyi rufe shi da zani. Maƙwabta mata kan shigo kallo, wata ta ce, "Uwar 'ya'ya da wasan yara, Allah Ya shirya." Na ce amin, ta kuma zauna har aka kira la'asar.

A daminar da ruwa ya yi yawa, ɗakunan mahaifina na ƙasa suka rufta a Malam Madori. Allah Ya yi wa Inna rasuwa tuntuni, 'yan'uwana maza kuma suna kudu wajen nema. Maigidana ya je ya ɗauko shi, muka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure.

Baba bai taɓa yarda da zaman ba. Namiji da ransa, a ce yana kwana a gidan surukinsa, yana cin tuwon surukinsa? Idan ya ji sallamar maigidana sai ya juya fuska bango. Shi ma maigidan daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe shi, ya tashi. Abinci kuwa sai a dawo da kwano kamar ba a taɓa ba. Ina kallon wuyansa yana ramewa. Da ruwa ya ja baya ya kira ni, da sunan da yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa nake ɗauke da shi.

"Uwata, ki gaya wa mutumin nan ya nemo mota. Zan koma. Ko rumfar kara ce na kafa."

Mutumin da ƙafarsa ɗaya ke ja, idonsa ɗaya ya yi hazo, wa zai ɗebo masa ruwa a can? Na yi kuka a kan sallaya, amma ban iya yi masa musu ba. Aka yi magana da mai mota, ya ce sai hanya ta ƙara bushewa.

A cikin jiran nan ne, wata hantsi, ina gwada jirgi a rumfa sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne. Ya yi aikin reluwe tun yana saurayi, shi ke canza wa jirgi layi a tashar Malam Madori, amma kunya ta hana ni nuna masa abin wasana. Ya tsaya yana bin jirgin da ido, zagaye bayan zagaye.

"Wannan ina za shi?"

Na ce, "Nguru, Baba."

"Nguru? Wannan ai jakin da aka ɗaure a turke ne. Wa ya gaya miki layin Nguru yana zagaye? Daga Kano yake fitowa, ya bi ta wajenmu, ya bi Birniwa, ya je Nguru ya tsaya cak. Daga nan sai komawa."

"Haka na gani a kwali."

"Masu kwalin sun taɓa zuwa Nguru?"

Tun zuwansa bai yi doguwar magana haka ba. A ranar na jiƙa ƙaron, na ɓamɓare aikin watanni, zuciyata na zafi, na miƙar da layin daga wannan kusurwa zuwa waccan, da ɗan lanƙwasa inda sandarsa ta nuna.

Sai ga matsala. Jirgi ya isa Nguru ya faɗo ƙasa, don gaba kawai ya sani. In ana so ya koma, sai an sauya wayoyin, ja ta koma wurin baƙa. Ina kwancewa ina ɗaurawa, Baba yana cewa, "Fasinja sun gaji, Uwata, kifinsu zai lalace."

Na aika wa mai gyaran rediyo na bakin kasuwa da bayanin abin da nake so, ya aiko mini da makunni mai ƙafa shida da ɗan guntun dalma. Ƙafafun tsakiya su ne za su tafi layi, na gefe kuma a gicciya musu waya, ta yadda in an tura sama wuta ta bi ta nan, in an tura ƙasa ta juya. Ƙarfen narka dalma ba ni da shi, sai na gasa babbar ƙusa a kurfoti na riƙe ta da filaya. Gwajin farko dalmar ta zubo ta haɗe ƙafa biyu, tartsatsi ya tashi, rumfa ta cika da ƙaurin roba, na ƙone a babban yatsa. Baba ya yi dariya har da tari. Na kankare, na sake, wannan karon da bismillah a kan kowace ƙafa.

Na ɗora makunnin a ɗan katako na ajiye masa a cinya. Ya tura sama, jirgi ya bar Malam Madori, ya ratsa gonakina na zare, ya doshi Nguru. Ya dawo da makunnin tsakiya, ya tsaya daidai bakin tasha. Ya tura ƙasa. Jirgin ya yi ɗan jim, sannan ya taho da baya. Har yau ban taɓa yin wani aiki da hannuna da na ji daɗinsa kamar wannan ba, ko ɗinkin sallah.

Da yamma maigidana ya dawo, ya durƙusa daga nesa ya ce mai mota ya shirya, gobe in Allah Ya kai mu. Baba bai ɗauke ido daga layin ba.

"Gobe? In bar jirgi yana tafiya da baya kamar mai neman abin da ya yar? A Nguru sai kan jirgi ya saki taragai ya zagayo gaba. Ana buƙatar layi na biyu, ƙyauren nan kuma ya yi kaɗan." Sai ya juyo, ya dubi surukinsa ido da ido. "Kai, Malam, matso nan. Kana da katako a shagonka?"

Maigidana ya cire takalmi ya matso, ya ce akwai. Baba ya miƙa masa sandarsa ya ce ya riƙe wancan bakin, za su auna tsawo.