Sunan Ɗan Farin Ɗaso

Duk matar da ta zauna a unguwar Mansur da ke Makka ta san Ɗaso mai kitso. Aikin Hajji ya kawo ta tun da sauran ƙuruciyarta, jirgi ya koma, ita ba ta koma ba. Mace za ta zauna ta ba ta baya, kafin a gama tsagar farko ta fara amayar da cikinta: kafili, wato ubangidan da ya riƙe fasfo, mijin da aka kama aka mayar gida. Ɗaso ba ta wa'azi, ba ta ba da shawara. "Uhm, sai me ya faru?" Iyakarta ke nan. Su tashi sakayau, su bar ta da kaya da ciwon baya.

Amma wanzami ba ya son jarfa. Ranar da aka bugo daga Katsina cewa ɗanta na fari ya rasu, wanda ta baro a hannun kakarsa ana gama yaye shi, tana tsakiyar shuku. Ta yi salati, ta ƙarasa kitson. Ai uwa ba ta nuna son ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Daga ranar barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina shiga, tana ta ramewa kowa na gani.

'Yarta Wafa, haihuwar Makka, ta ja ta wurin wata likita a unguwar Kudai, wadda ba ta allura, sai dai ta zauna ta saurare ka. Sana'ar Ɗaso ce dai aka sa wa kujera da sanyi. Likita ta tsura mata ido, ta yi tambaya da Larabci.

"Yumma, ta ce yaya sunansa?" in ji Wafa.

Ɗaso ta sunkuyar da kai. Aka maimaita, shiru. Likita ta ɗauka mantuwar tsufa ce, ta ce a dawo a gwada ƙwaƙwalwa.

A mota Wafa ta fashe da kuka. "Kin manta shi ne da gaske?"

"Mantawa? Kunya ce, ke ba za ki gane ba."

"Halas, shi ke nan, Yumma, ya tafi. Wa ya rage da za ki ji kunyarsa?"

Ɗaso ta kau da kai zuwa titi. Ta gaji, gajiya irin wadda kwanciya ba ta magani.

"Hafizu," ta ce a hankali. Sai hawaye suka zo. "Har ya yi furfura bai taɓa jin sa a bakina ba."