Marlene Kubicek da Ƙafafun Tsofaffin Ɗaki na Huɗu

An haifi Marlene Kubicek a shekarar 1953 a garin Wilber na jihar Nebraska. Mahaifinta Emil manomin masara ne, mahaifiyarta Rose kuma mai toya burodi.

Karatu da aure

Ta kammala makarantar jinya a 1975, kuma tun a lokacin malamanta suka shaide ta da yawan tambaya har abin ya ishe su. A 1978 ta auri Dale Hruska, makanikin motocin noma.

Aiki

Ta yi shekara talatin da bakwai a wani asibitin yankinsu, ta zama shugabar ɗaki na huɗu, wato ɗakin tsofaffi. A 2012 aka sauya tsarin biyan asibitoci, ya zama gwamnati tana duba ingancin jinya ta ba da maki, a kan makin nan kuɗin ke ƙaruwa ko raguwa. Faɗuwar majinyaci na cikin abubuwan da ke zubar da maki, saboda haka hukumar asibitin ta sa ƙararrawa a kowane gado, tsoho na motsawa ta kama kuka. Faɗuwa ta ragu, maki ya hau, aka yi walima.

Ita kuwa abin ya ɗaure mata kai: me ya sa mutanen da suka shigo da ƙafarsu suke fita a keken turawa? Ta yi wata shida tana bin sallamammu har gida, ta tarar kwana goma a kwance kan cinye ƙafar tsoho. Daga nan ta fara zagaya da su baranda bayan abincin rana. An ji ta tana ce wa wani makiyayi mai shekara tamanin da huɗu, "Elmer, shekara sittin kana bin shanu, yau gado ne zai riƙe ka? Sauko min da ƙafafun nan."

Sauke ta daga muƙami

A 2015 mutum uku suka faɗi a barandar, ɗaya ya karye a ƙugu, makin asibitin ya sauka. Shugaban asibitin ya kira ta ya ce, "Marlene, tafiyarsu ba ta cikin takardar awo, faɗuwarsu ce kawai a ciki." Ta ce, "To ku sa ta mana." Ba a sa tafiyar a takardar ba, ita aka sauke daga shugabancin ɗakin. Karayar nan ta dame ta ƙwarai, ba ta taɓa ɓoyewa ba, amma ba ta ce ta yi kuskure ba. Ta yi ritaya a 2017.

Rasuwarta

Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2022, aka binne ta a maƙabartar cocinsu kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: Curtis, da Dennis, da Joyce, wadda take jinya a ɗaki na huɗu, inda aikinta na farko kowace safiya shi ne duba ko ƙararrawar gadaje na aiki.