Tsagar da ke Kan Sabulun Kakata

Makon jiya ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini tambarin da ya zana wa sabulun gidanmu: babban yatsa, da tsaga ɗaya ta ratsa shi a karkace. Ya ce shi za a buga a kan kwalaye, a kai manyan kantuna, butik. Na daɗe ina kallo. Sai na ji warin toka da tafasasshen man gyaɗa, alhali a falo muke zaune, babu wuta, babu tukunya.

A unguwar Zongo na tashi, a gidan kakata, wadda ta zo daga garin Tawa da sana'ar sabulun salo. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta da suna a takarda. Yatsa take da shi. Tun tana budurwa lauje ya tsaga mata babban yatsan dama, ya warke ya bar rami siriri a tsakiya. Duk curin da ta mulmula sai ta danna masa yatsan kafin ya sha iska. Matan Saga da na Tondibiya sukan juya curi a hannu har sai sun ga tsagar, sannan su kwance bakin zane. Akwai wata makauniya da ke saye da lalube.

Kaka takan ce, "Sabulu kowa na yi. Wannan alamar cewa nake, idan ya ci miki fata, ga hannun da za ki kama."

Da damina ta rasu, kogi ya yi ja. Gwaggona, babbar ɗiyarta, ta gaji tukunyar. Toka ɗaya, mai ɗaya, muciya ɗaya. Amma mata suka riƙa juya curi suna ajiyewa. Makauniyar ta shafa, ta ce, "Wannan ba shi da fuska." Gwaggo ta gwada tsinke, ta gwada bakin cokali, duk suka gane. Sabulu ya taru a ɗaki, girkin gida ya koma sau ɗaya a yini, babana ya fara zancen sayar da tukunyar.

Abin da zan faɗa yanzu, da idona na gani, da rana tsaka. Wata Laraba da hantsi muka jera sababbin curi a kan tabarma a ɗakin Kaka. Sumul suke, ni na jera rabinsu. Gwaggo ta kulle ɗakin, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, muka zauna a ƙofar muna tsintar shinkafa. Ɗakin ba shi da taga. Ba wanda ya gifta mu.

Da la'asar ta buɗe. Kowane curi da tsagarsa, a karkace, zurfinta daidai da yadda muka sani. Ɗakin na ƙanshin man kaɗen da Kaka ke shafawa.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta yi salati a hankali, ta rufe mini ido da tafinta, sanyi ƙalau. Daga nan ta sauko da tsohon laujen da ke rataye a bango, ta zaga bayan madafa. Ta dawo da tsumma a naɗe a babban yatsanta, jini na ɗiga.

Washegari sabulu ya fara tafiya. Duk wadda ta tambaya yadda aka yi alamar ta dawo, sai Gwaggo ta ɗaga yatsan, ta ce, "Ni ce. Ga shi." Ba wadda ta tsaya tunanin yadda ɗanyen rauni zai iya danna sabulu. Ni dai na sani: muddin tsumman na hannunta, mu jera sumul, mu buɗe da tsaga. Ranar da ta kwance shi, curin suka yini yadda muka bar su. Ta zauna ta danna su ɗaya bayan ɗaya.

Sai da na girma na tambaye ta. "Gwaggo, tun da alamar tana zuwa da kanta, me ya sa kika yanka hannunki?"

Ta harare ni. "Ke da karatunki na lakwal ba ki gane ba? Alama ba ta zama babu mai ita. In ya ci fatar wata, a kabari za ta je ta kama hannu?"

Gwaggo ta rasu bara. Yanzu inji zai buga tsagar sau dubu ba tare da ɗigon jini ba, kuma zanen ya yi kyau, ban musa ba. Na mayar wa yaron wayarsa, na ce, "Idan ya ci fatar wata, hannun wa za ta kama?"

Ya yi dariya. "Haba Gwaggo, ai akwai lambar waya a ƙasa."

Shi ma Gwaggo yake kirana. Na dubi babban yatsana, sumul. Laujen yana nan a bango, kuma tun ranar nake jin ƙanshin man kaɗe a ƙofar ɗakin Kaka.